Haƙora Talatin na Keken Kailu

Kailu mai gyaran famfo ne a Filinge. Ya fi shekara ashirin yana zaga ƙauyukan Kurfai, duk inda famfon rijiya ya tsaya shi ake nema. Mutum ne gajere, mai faɗin ƙirji, ba ya son a ce masa ya tsufa ko da wasa. Da moto, wato babur, yake yawonsa, har shekarar da hukuma ta hana hawan moto a yankin saboda matsalar tsaro. Ya yi sati uku zaune a zaure, waya tana ta ƙara, mutane suna faɗa masa matansu sun koma ɗibar ruwan tafki.

Ranar kasuwa ya sayo wani tsohon keken hawan duwatsu mai kaurin taya, ya tura shi wurin Hamani mai gyaran keke da ke zama ƙarƙashin dogon yaro kusa da tasha. Keken yana da farantai uku a gaba, inda feda take juya sarƙa, amma ƙarfen da ke sauya sarƙar daga wannan zuwa wancan ya karye.

Hamani ya duba, ya ce, “Wanga ƙarfe babu shi nan, sai Yamai, kuma rairayi zai sake kashe shi. Mu cire duka, mu bar maka faranti guda. Giyar baya ta ishe ka.”

Ya zazzage wani buhu, ya jera farantai a kan tabarma. Ya nuna masa mai haƙora talatin da shida, da mai talatin da biyu, da mai ashirin da takwas. Ya ce babba yana gudu a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya amma yana cin gwiwa a hawa, ƙarami kuwa yana sauƙaƙa hawa amma ba ya sauri.

“Malam Kailu, ina ne wuri mafi wuya bisa hanyarka?”

“Babu wurin da ya fi ƙarfina. Sa mini babban.”

Hamani bai yi gardama ba, don Kailu ya girme shi. Ya ɗaura.

Kwana biyu Kailu ya ji daɗin keken. A kan hanyar Bonkuku har iska take kaɗa masa riga. A rana ta uku aka kira shi Garin Ango, wani ƙauye da ke bisa tudu, sai an fita daga kwari an hau gangare mai rairayi kafin a kai. Ya ɗaure sifanu manya biyu da guduma da robobin famfo a baya, ya rataya jarkar ruwa. Da ya zo gangaren ya sa sarƙa a giya mafi sauƙi, ya miƙe tsaye a kan feda, keken ya ƙi. Tayar baya ta dinga tonon rairayi. Ya sauka ya tura, ya sake hawa, ya sake sauka. Ya ce zai iso da hantsi, bai iso ba sai bayan azahar.

A bakin famfon ya tarar da wata tsohuwa mai suna Tanne, wadda ke riƙe da bori a ƙauyen, zaune a kan tulunta. Sauran matan sun gaji sun tafi tafki. Ta kalli yadda yake ɗingishi.

“Kai ka ɗauko keken, ko shi ya ɗauko ka?”

Kailu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya kwance kan famfon, amma saboda gajiya aikin awa ɗaya ya ci masa uku. Tanne ba ta tashi ba. Da ruwan ya zo ta cika tulunta, ta ce masa, “Mu ba gudunka muke jira ba, ɗana. Hannunka muke jira.”

Gwiwarsa ta hagu ta kumbura, ya kwana biyar matarsa Samiratu tana gasa masa da ruwan zafi. A kwanakin nan ya yi ta lissafa hanyoyinsa. Ya ga a cikin ƙauyuka goma sha huɗu da yake zuwa, uku ne kaɗai ke bakin babbar hanya. Sauran duk rairayi ne da hawa. Ya gane ya zaɓi farantin ne yana tunanin kansa ba kaya, da safe, kuma yana tunanin ƙafafun da yake da su shekara ashirin da suka wuce.

Ya koma wurin Hamani ya ce a sa masa mafi ƙanƙanta. Hamani ya sa mai ashirin da takwas, ya rage tsawon sarƙa don kada ta yi sako-sako. Wannan ya hau gangaren Garin Ango ba tare da Kailu ya sauka ba. Amma a kan hanyar dawowa, inda ƙasa take a daidaice, ƙafafunsa sai juyawa suke da sauri keken yana tafiyar jaki, magariba ta kusa riskarsa a daji, abin da ba wanda yake so a wannan zamani.

“To yanzu mi za mu yi?” in ji Kailu.

Hamani ya ce, “Yanzu kam ka san hanyarka, ni kuma na san ƙahwarka. Tsakiya muke so, amma kusa da ƙarami.”

Mai haƙora talatin Hamani yake nufi, amma ba shi da shi, sai da ya yi wa wani direban Yamai saƙo. Bayan sati biyu farantin ya iso, haƙoransa ɗaya mai kauri ɗaya siriri, irin da ke riƙe sarƙa kada ta faɗo a kan gargada. Da shi Kailu yake hawa gangaren a zaune, yana haki kaɗan, sai wurin nan guda mai zurfin rairayi da yake sauka ya tura taku ashirin. Ya daina jin kunyar wannan.

Da shi yake aiki har yanzu. Ƙauye biyu yake yi a rana maimakon huɗu na lokacin moto, kuma yana fita tun bayan asuba. Tafiyar a hankali ta kawo masa wani abu da bai zata ba. In ya ratsa ta gefen ƙauye, ba ƙarar inji a kunnensa, yana jin kukan famfo tun daga nesa. Akwai wani ƙiƙi-ƙiƙi da ƙarfe yake yi sati biyu kafin ya karye. In ya ji shi sai ya karkata, ya gaisa da matan, ya ce su ɗan dakata, ya sa mai ya ɗaure abin da ya saki. Bara a ƙauyukansa famfo biyu ne kawai suka tsaya har aka kwana babu ruwa.