Kurkurar Bakin da Ta Hana Ni Kiran Salla

A lokacin da abin ya faru ni ne ladanin ƙaramin masallacin lungunmu a Yakasai, da rana kuma ina ɗinkin hula. Turmin haƙorina na ƙasa ya daɗe yana damuna, na yi ta danna masa kanumfari har abin ya gagara, sannan na je asibiti aka cire shi. Likitar ta sa mini auduga ta ce in cije. Ta ja kunnena cewa ranar kada in kurkure baki, kada in riƙa tofar da yawu, kada in sha abu mai zafi, domin jinin da zai daskare a gurbin shi ne murfin ciwon. Na gyaɗa kai, amma a raina na ce ina aka taɓa alwala babu kurkurar baki.

Da Azahar ta yi na guntsi ruwa na kurkure da ƙarfi kamar kullum, na furzar, na tafi masallaci. Maiɗakina ta roƙe ni in huta, ta dama kunu ta ajiye ya huce, na ce ni ba na shan kunu da sanyi, sai da ta ɗumama. Kwanaki kaɗan zugi ya taso daga muƙamuƙi har cikin kunne, bakina ya soma wari, na koma magana ina kawar da kai. Wata La'asar ina tsakiyar kiran salla bakin ya ƙi buɗuwa, sai hawaye, ga lasifika a kunne duk unguwa na jin nishina. Liman ne ya karɓa ya ƙarasa. Da na gaya masa abin da na yi, sai ya ce, "Malam, kurkurar baki ai sunna ce. Da ka bar ta saboda lalura, alwalarka ta yi."

Na koma asibiti ina jin kunya. Likitar ba ta yi mini faɗa ba, ta wanke gurbin ta sa magani, ta koya mini riƙe ruwan gishiri mai ɗumi a baki in bar shi ya zubo da kansa. Makonni na yi a gida, maiɗakina na ba ni fate da cokali, ina jin wani na kiran salla a madadina.

Na gane ba tsoron Allah ne ya jawo mini wannan ba, rashin tambaya ne. Ɗan'uwa, in an cire maka haƙori, ka bi maganar likita. In kana ganin ta ci karo da ibadarka, ka tambayi malami tun kafin ka ɗauki buta.