Macijin da muka kai likita ba kai

A gonar tattasai ne, bakin kogin Komadugu, da hantsi. Ƙanena yana gyaran kwarin ban ruwa sai ya yi ƙara ya zauna daɓas, ya riƙe diddige. Mai gonar, wani Babarbare, ya hango maciji, ya bi shi da fartanya. Ya sara, ya ƙara, ya daka kan kamar mai dakan yaji, don a wurinmu macijin da kansa ke nan bai mutu ba.

Muka ɗora ƙanena a amalanke, macijin a buhu, sai asibitin Diffa. Da yake na yi lakwal, wato boko, har aji uku, ni aka ba buhun.

Majo, shugaban masu jinya, ya tambaya: "Baba, wane iri ne?"

Na gyara murya. Na ce kububuwa tana da zane a ka kamar sawun kaza, kasa kuwa kanta faffaɗa ne. Muka zazzage buhu. Babu kai. Sai abu mai ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo, wanda in ka dube shi daga hagu kububuwa ce ta ƙoshi, daga dama ɗan kasa ne da yunwa.

"Kasa ce, ta yi huci," in ji Babarbare.

Na ce: "Kai da injin ruwa ke ruri a kunnenka, ina ka ji huci?"

"To Malam mai aji uku, karanta mana bayanta!"

Ƙanena, ƙafa ta fara kumbura, ya ce: "Yaya, wanda ya sare ni kamar ya fi wannan tsawo."

Nan kaina ya kulle. Wato ko wannan gawar ma mai wucewa ce?

Majo bai jira mu ba. Ya ɗebi jinin ƙanena a ƴar kwalba ya ajiye. Muna ta musu a kan wutsiya, shi yana duban kwalba. Can ya karkata ta, jini ya gangaro kamar ruwa, bai daskare ba. Ya ce aikin kububuwa ne, ya sa maganin dafi a ƙarin ruwa.

Ƙanena ya tashi da ƙafarsa, har yau yana noma. Ni kuwa na roƙi Babarbare, in ya sake kisa, ya bar mini kan in duba. Ya ce in je in duba tun yana da rai.