Bakwai a Littafin Marlys

Hunturu ashirin da shida ke nan Marlys Tveit tana ƙidayar tsuntsayen bayan gidanta, a wani ƙaramin gari a arewacin jihar Minnesota. A da, motar ɗaukar 'yan makaranta take tuƙawa. Tun kafin ta ajiye aiki ta kafa sanduna uku a bayan kicin, ta rataya wa tsuntsaye gero da gyaɗa da dunƙulen kitse. Kwana biyu a kowane mako takan zauna bakin taga da littafinta, ta rubuta iri da adadi, ta aika wa masu binciken tsuntsaye. Ko mako ɗaya bai taɓa faɗuwa ba, hatta makon da aka binne mijinta.

A watan Janairun bana aka cire mata yanar ido. Ido ɗaya a rufe da bandeji, ɗayan kuma dishi-dishi yake gani. Ranar ƙidaya ta zo, shafin yana shirin zama fanko. Sai ta kira ƙanenta Arlen, tsohon makanike.

Ya karkaɗe ƙanƙarar takalminsa, ya karɓi fensir ya zauna. Bayan awa ɗaya ya juyo yana murmushi.

"Yaya, 'yan tsuntsayen nan masu baƙar hula sittin da uku ne. Ke kin taɓa samun haka?"

"Sittin da uku? A gidan wa?"

"Duk wanda ya sauka sai na ja layi."

Ta yi dariya har da dafe bandeji. "Kai dai ka tsufa da wauta. Ƙwaya ɗaya kowanne ke ɗauka, ya je ya ɓoye a ɓawon itace, ya dawo. Su ne dai suke ta yi maka zarya. Waɗanda ka gani tare a lokaci guda, su ake rubutawa."

"To wa zai sani? Tsuntsun ne zai kai ƙara?"

"Ni zan sani," in ji ta. "Goge."

Ya goge yana ƙunƙuni. Shayin da ke kofinsa ya huce, wuyansa ya ƙage. Ita kuwa tana gefe, ta karkata kunne.

"Akwai maƙwaƙƙwafi a kan kitsen," in ji ta, da ta ji sarar bakin tsuntsun.

"In rubuta?"

"Ka gan shi?"

Ya leƙa. "Na gan shi. Da ja a ƙeyarsa."

"Namiji ne. Rubuta ɗaya."

Can wajen azahar ya ƙura wa sandunan ido, ya fara ƙirga masu baƙar hular. "Biyar... shida... tsaya, ga wani a reshe. Bakwai! Yaya, bakwai a tare!"

"Bara ma bakwai ne," ta ce a hankali.

Ta sa ya riƙo mata littafin kusa da idon da ke buɗe, ta duba lambar. Sannan ta ce ya ƙara a gefen shafin: da idon Arlen aka ƙirga.