Gonarsu Tana Ƙarƙashin Ruwa

Bana shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar maigidana. Ban taɓa kiran sunansa ba yana da rai, ba kuwa zan fara a shafin jarida ba. Malam nake ce masa, haka ma mutanen ƙauyukanmu na arewacin Kano, domin malamin gona ne. Ni kuwa koyarwa na yi a firamaren garinmu har na yi ritaya.

Kwanan nan na ji ana muhawara a rediyo kan abin da ya kamata gwamna ya sa a gaba. Wasu na cewa ma'adinan da ke cikin ƙasa, wasu tituna da gadoji, wasu makarantu. Kowa ya yarda jihar tana da arziki, ta inda za a fara taɓa shi ne ake jayayya. Sai na ga kamar Malam na zaune a kan buzunsa yana saurare, shi da ya ga abin da zaɓin gwamna ke yi wa gida guda.

A shekarun fari muka yi aure. Hadari zai haɗu baƙi ƙirin a gabas, mu jera ƙorai da bokitai a tsakar gida, sai iska ta zo ta watsa shi. Gero ya tsiro, ya kai gwiwa, ya ƙone a tsaye. A yankinmu gona tana manne da gona, babu wani daji da mutum zai ce zai koma ya share. Maza suka watse cirani, mu mata muna dafa tafasa da rama, mu yayyafa ɗan ƙuli mu ba yara.

Gwamnan wancan lokacin ruwa ya sa a gaban komai. Manufarsa ita ce a tare kogunan da ke wucewa a banza da damina, a gina madatsai, talaka ya yi noma da rani. Maganar ta kama Malam kamar zazzaɓi. Idan ya dawo daga zagayen ƙauyuka a kan kekensa, sai ya kira ni ƙofar gida ya nuna mini fako, yana faɗin abin da zai fito a wurin: nan alkama, can albasa, can tumatir har ido ya gaji. Yana magana kamar yana ganinsu. Wani lokacin har ni ma nakan ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali ko ɗigo bai sauka ba.

Da masu awo suka zo suka kafa turakunsu, sai ga shi fadamar da ruwa zai cinye ta haɗa da gandun mahaifinsu Malam. Wansa, Yaya Hamisu, shi ke noma wurin tun rasuwar tsohon, da shi yake ciyar da gida babba. Kuma Malam ɗin aka ɗora wa aikin yi wa mutane bayani. Ya bi gida-gida, ya bar na wansa a ƙarshe.

Yaya ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Kai aka aiko?"

Ya ce, "Ni ne, Yaya."

"To na ji. Amma a gonar nan Baba ya koya maka riƙon fartanya."

Daga ranar, gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a taƙaice.

An ba waɗanda aka tasa gonaki a kan tudu, da alƙawarin za a haƙa magudana ruwa ya iske su. Madatsa ta kammala, ta cika. A ɓangaren da ruwa ya fara isa, abin da Malam ya yi ta nuna mini ya fito sak. Na tsaya da ƙafata cikin alkama a tsakiyar rani, iska tana kaɗa ta. Amma kafin a kai magudana kan tudu, gwamnati ta sauya, wadda ta zo kuma nata abin da ta sa a gaba daban ne. Aka kwashe motocin haƙa. Sai fari ya sake dawowa.

Yaya Hamisu, da furfurarsa, ya koma dakon buhuna a kasuwar Dawanau. Malam ya yi ta zirga-zirga ofisoshin Kano har aka daina ba shi kujera. Ɗan filin da ya samu a ɓangaren ruwa, duk abin da ya girba yakan aika da rabi gidan wansa, a dawo masa da shi. Daga baya ni na riƙa kai wa matar Yaya ta ƙofar baya. Yaya ya sani, ya kau da kai. Malam kuwa ya daina kirana ƙofar gida ya nuna mini komai.

Wata shekara ruwan madatsar ya ja baya sosai, masunta suka ce kawunan itatuwa sun fito. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga Yaya ya yi sallama a gidanmu, abin da ya daɗe bai yi ba. Bai zauna ba, ya ce wa Malam ya tashi ya raka shi.

Ban bi su ba, Malam ne ya ba ni labari. Wani masunci ya ɗauke su a kwale-kwale. Malam ya ce ruwan ya kwanta luf, gajimare na ciki, har mutum ya rasa ko a sama yake tafiya. Can suka hango tsamiyar gonarsu, rassanta sun bushe sun yi fari, balbelu sun jeru a kai. Yaya ya sa aka tsaya. Ya dafa reshe, ya shiga nuna ruwa da yatsa: nan ne iyakarsu da maƙwabci, nan rijiya take, nan Baba ke ajiye butarsa, nan dawa ta fi yin kyau. Ya daɗe yana zagaya gonar da baki. Da za su juyo, Yaya ya ɗebi ruwan ya wanke fuska, ya ce, "Ruwan nan ban yafe masa ba. Kai dai na yafe maka."

Malam ya ce da ƙyar ya iya gane hanyar gida.

Magudanar ta isa tudu daga baya, Yaya bai rayu ya gani ba. Malam ya gani, yana dogara sanda.

Da yana nan yau, ban tsammanin zai ce wa wani gwamna kada ya yi babban mafarki. Bai taɓa nadamar madatsar ba, ya ga gidajen da ta raya. Ina jin zai ce duk wanda ya gaji aiki ya ƙarasa shi ko da ba sunansa ne a jiki ba, kuma kafin a taɓa arzikin ƙasa a fara zuwa a ga wanda ke zaune a kanta. Har yau a garinmu akwai tsofaffin da ke kiransa wanda ya nutsar da gonaki, akwai kuma masu sa masa albarka duk girbin albasa. Ban musa wa kowa ba.

Da ranin da ya wuce, wani jikan Yaya, magidanci da 'ya'yansa, ya kawo mini kwandon tumatir daga kan tudun. Ya zauna ya tambaye ni ko gaskiya ne inda suke zuwa kamun kifi gonar kakanninsu ce. Na ce gaskiya ne. Sai ya ce, "Inna, gonar tana da kyau?"

Na ce duk fadamar babu kamarta, kuma Malam ya fi kowa sanin haka ranar da ya tafi yi wa wansa bayani.

Allah ya jiƙan wa da ƙanin, ya shayar da su daga ƙoramar da ba ta ƙafewa.