Ranar da Baba Shigeo Ya Bar Ruwan Farko

"To malamar taku ta zo ta hana ni mana," in ji Baba Shigeo, yana ɗaure takalmi.

"Ba da kai take ba, Kaka," in ji Chisato, 'yar yayata. "Cewa ta yi duk ranar da aka ɗumama ruwan wanka sau biyu a gida, an yi ɓarnar wuta, ba za ta buga mana tambari ba. Ni kaɗai ce a ajinmu takardata fara fat."

"Sarkin baki. Uwarki ma ba ta kai ki ba."

Baba Shigeo mahaifina ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa bas a birnin Matsuyama na Japan, bai taɓa makara ba. Da ya yi ritaya ya ajiye hula da farar safar hannu, amma bai ajiye ruwan farko ba. A gidanmu kowa kan cuɗa jiki a gefe, sannan ya shiga kwamin ruwan zafi ya jiƙu, ruwa ɗaya, maigida a gaba. To ga shi dara ta kama Baba. Ba ya dawowa sai rana ta faɗi, ruwa ya huce muna jira, a sake kunna wuta.

Kwana bakwai a jere malamar ta nema, mako ɗaya ya rage a rufe makaranta. Chisato ba ta yi kuka ba. Takardar kawai ta manna a ƙofar banɗaki, daidai idonsa.

Ranar Litinin zai fita, ya tsaya yana kallon takardar.

"Ku shiga kawai, kada ku jira ni," ya ce. "Amma ku rufe marfin kwamin da kyau, kada ruwan ya huce."

Mama ta saki cokali. Tunda ta aure shi ba ta taɓa riga shi shiga wanka ba.

Ya dawo ya shiga na ƙarshe, ya fito yana tiriri.

"Ashe cutata kuke yi. Ruwan farko tsinin allura gare shi, na ƙarshe ne mai laushi."

"Tsufa dai, Kaka."

"Tsufan ne ya samo miki tambari."

Litinin ta zagayo, Chisato ta shigo da takarda a ɗage, jan tambari bakwai reras. Baba ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa.

"Ki gaya wa malamar taku direba ba ya makara."

Ya ɗauki bokiti ya nufi banɗaki, zai kwashe ruwan jiya ya kai wa tumatirinsa.