Kujera Mai Rawa

Duk wanda ka tambaya a unguwar ina mai zana shafukan intanet, zai ce maka, "Au, Mai Kujera?" Ita kuwa ba ta taɓa sayar da kujera ba, ko guduma ba ta iya riƙewa. Ofishinta wani lungu ne a falo, tsakanin firiji da taga, inda kwamfutarta take tare da kofin shayin da kullum sai ya huce take tunawa da shi.

Aiki dai ta iya shi, masu kawo aikin ne matsala. Akwai mai shagon takalma da ya ce fari yake so, amma wanda ya fi fari haske. Akwai hajiyar da ta ce a yi mata shafi sak irin na wani babban kamfani, amma kada kowa ya ga kama. Da wuya ta yi wuya, sai ta gano cewa mai ba da aiki ba ya iya barci sai ya gyara wani abu, ko da babu abin gyarawa. Daga nan ta ɓullo da dabara. Duk shafin da ta gama sai ta dasa masa mummunan abu guda da gangan, ta ce rabon mai gyara ne. Shi ya hango, ya ɗaure fuska ya ce a cire. Ita ta ce, "Kai, ranka ya daɗe, idonka akwai kaifi!" Ya tafi yana jin kansa gwani, sauran aikin ya tsira.

Ana nan sai wani kamfanin zane ya kira ta ganawar ɗaukar aiki, suka ce ta zo da shafi ɗaya mai aiki wanda take alfahari da shi. Ta daɗe tana mafarkin wannan aiki, don ta huta da masu neman farin da ya fi fari. Shafin da ke hannunta a lokacin na kawun mijinta ne, mai shagon kayan katako, kuma bai zo da sauƙi ba. Ya ce a sa hotonsa a kowace kusurwa. Ya ce duk wanda ya buɗe shafin ya ji ƙamshin sabon katako. In ya kira ta, sai ya miƙa wa direbansa wayar shi ma ya tofa albarkacin bakinsa. Da lallashi da "to Kawu" ta zame wa duk wannan, ta fitar da shafin da ba ta taɓa yin mai kyansa ba. Sannan ta dasa rabon mai gyara: wata kujera rawaya, tana juyi tana tsalle a saman shafin.

Kawu ya zo, ya gyara tabarau, ya nuna kujerar da yatsa.

"'Yata, wannan fa?"

"Kuskure ne Kawu, yanzu zan cire ta."

"Ki cire? Wallahi duk shafin nan babu abin da ya kama ƙafarta! Ƙara mata girma."

Ta kai kuka wurin mijinta, shi kuwa ya yi dariya har da riƙe ciki. "Mutumin da ya riƙe ni tun ina yaro zan ce wa kujerarsa ba ta da kyau? Ke kika ɗebo da zafi, bakinki."

Ranar ganawa da safe ta cire kujerar a ɓoye. Tana zaune a ɗakin jira, sai ga wayar Kawu. "'Yata, kujerata ta mutu! Ga abokaina na tara a shago, na ce su zo su ga aikin 'yata." Ta dubi ƙofar da za a kira ta, ta dubi wayar. Tsohon nan bai taɓa yin alfahari da ita a gaban mutane ba sai yau. Ta buɗe kwamfuta a kan cinyarta ta mayar masa da abarsa.

A ciki, aka haska shafin a babban allo. Kujera ta yi juyi, ta yi tsalle. Shugaban masu zanen ya cire tabarau ya ce, "Wannan dabarar wa ce?" Ta so ta ce ta mai shago ce, amma bakinta ya ƙi yi wa Kawu ƙarya. Ta ce, "Tawa ce." Suka ce za su neme ta. Har yau suna nemanta.

Ta yi kuka ranar, kuka sosai. Da yamma motar shagon ta tsaya a ƙofar gida, aka sauke kujera ta gaske, rawaya, mai juyawa, wadda Kawu ya ƙera da hannunsa. Ya ce ya lura kan kujerar roba take aiki, bayanta zai lalace. Ya juya zai tafi, sai ya waiwayo.

"Saura ɗan gyara kaɗan, 'yata. Kujerar shafin nan, ki sa ta riƙa waƙa."

Tun daga ranar ba ta sake dasa wa kowa rabon mai gyara ba. Abokan Kawu kuwa sai layi suke yi, mai tayoyi yana son taya mai rawa, mai firiji yana son firiji mai tsalle. Tana yi musu, a zaune a kan kujerar, kuma bayanta ya daina ciwo.