Itacen da Inno Ta Tara

A Kurfi, in ka ce Sakinatu sai an tsaya tunani, amma in ka ce Inno mai ƙosai kowa zai nuna maka gidan Malam Dalhatu. Tun tana amarya take suya, ranar kasuwa kuwa kafin hantsi ƙullunta ya ƙare. Har yau da sunan ake kiranta, ko da yake kaskon ya daɗe a kife.

Farin da ya fito mata a fata ya fara ne daga kan yatsu, bayan ta yaye autanta. Aka ce ƙunar mai ce. To amma ƙunar mai ba ta hawa gwiwar hannu, ba ta zagaye baki da ido. Inno ta sha jiƙe-jiƙe har cikinta ya gaji, ta shafa duk abin da aka ce a shafa. Daga baya Malam ya kai ta asibiti a Dutsin-Ma, likita ya ce ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗauka, launin fata ne kawai ya gushe. Malam ya dawo yana ta yi wa mutane bayani a ƙofar masallaci. Kowa ya ce Allah sarki, kowa kuma ya koma sayen ƙosai a gidan gaba. Mutanenmu ke nan, ba za su kore ka ba, sai dai su yi ta tausaya maka daga nesa har ka gane da kanka.

Shekaru ta yi tana dafka lalle don ta rufe, lallen kuwa a kan farar fata jawur yake fitowa, ya ƙara tona ta. Wata rana ta gaji ta daina. Ta ce wanda ya halicce ta baƙa shi ne ya mai da ta dabbare-dabbare, ba za ta yi jayayya da shi ba. Ta koma zuwa biki da gaisuwar mutuwa hannunta a buɗe. Kowa ya ɗauka ta gama da wannan damuwa, ita ma haka ta ɗauka.

Sai Zaituna ta samu ciki. Zaituna ce 'yarta ta fari, wadda saboda kunya Inno ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan". Tana aure a Dutsin-Ma, gidan wani tela, Ikrima. Kamar yadda aka saba, haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, uwa ta tsaya kan wankan jego har arba'in. Inno ba ta furta wa kowa ba, amma duk abin da ba ta iya nuna wa yarinyar nan ba tun tana goye, a wannan wankan ta yi niyyar nuna shi. Ta fara tara itace a bayan ɗaki, ta wanke babbar tukunya, ta tanadi kanwa da geron kunu. Malam har yana tsokanarta, wai ko gidan burodi za ta buɗe.

Da cikin ya tsufa, Hajiya Halimatu, uwar Ikrima, ta zo da goronta. Ta yi magana mai daɗi, ta ce asibiti ya fi kusa da su, ta ce hanya ba kyau ga mai tsohon ciki. Tana maganar idonta na kan hannun Inno. Da za ta tashi ta ƙara da cewa jinjiri fatarsa ɗanya ce, komai yana iya kama shi. Ruwan da aka kawo mata ma ba ta taɓa ba.

Washegari Zaituna ta kira a wayar mahaifinta, ta ce a ba Inna.

"Inna, in taho gida ko in zamna? Ke nike saurare."

Inno ta dubi hannunta da ke riƙe da wayar. Uwa ba ta ce wa 'yar fari taho ina son ki. Ga shi kuma ta hango ranar da ɗan tabo zai fito wa jinjirin, ko na cizon sauro ne, gari duka ya juyo ya dube ta. Maganar likita tana nan a kanta, amma ba ta kai zuci ba.

"Ki bi abin da manyanki suka ce," in ji ta.

Aka haifi namiji. Ranar suna Inno ta hau mota zuwa Dutsin-Ma, hannuwanta cikin hijabi. Ta tarar wata gwaggon Ikrima ce ke wankan. Da ɗakin ya ɗan rage mutane, Zaituna ta ɗora mata yaron a cinya, ta yaye hijabin da kanta, ta kama farin hannun ta aza a kansa.

"Ba wanda ban yi rigima da shi ba a gidan nan," ta ce a hankali. "Ikrima ya ce in kin ce in taho, da kanshi zai kai ni, ko Hajiya ta so ko ta ƙi. Kalma guda nike jira, Inna."

Kan yaron da ɗumi, sabon aski, yana ƙanshin man da aka shafa masa. Inno ta buɗe baki, karo na farko a rayuwarta sunan yarinyar nan ya zo mata har kan harshe. Sai aka ɗaga labule, Hajiya ta shigo. Ba ta ma harari Inno ba. Inno ce da kanta ta fizge hannun ta cusa cikin hijabi, kamar wadda aka kama tana sata. Zaituna ta gani. Ta ɗauki ɗanta ta juya fuska ga bango.

Wannan fizgewar ita ke cin Inno har yau, fiye da kaskon da ya kife, fiye da ruwan da ba a sha ba. Haihuwar fari dai ba a maimaita ta. Itacen yana nan a bayan ɗaki, damina ta jiƙa shi, gara ta shiga. Ran nan Malam ya ce a ɗiba a yi girki kafin ya gama ruɓewa. Inno ta ce a bar shi.